Famfunan Alwala

Mitchells Plain, daren Laraba,
iskar teku na bugun kwanon rufi
kamar mai bin bashi.
Da asuba na zo buɗe masallaci
na tarar da ruwa har bakin ƙofa.
Famfo bakwai na tagulla, an kwance shida.
Na bakwan ya yi tsatsa, ya ƙi.

Ba sai an yi bincike ba.
Riedwaan ne, ɗan Anti Gadija
mai soya ƙosistan Lahadi,
yaron da na koya wa kiran salla
tun muryarsa ba ta fashe ba.
Yanzu tik ta cinye masa kumatu,
yana zuƙarta a fasasshen ƙwan lantarki,
kwana uku idonsa biyu,
bango na yi masa magana.

Kwamiti ya zauna, aka ce 'yan sanda.
Ni ma haka na ce, ba zan ɓoye ba,
ni na kwashe ruwan nan da gwiwoyina masu ciwo.
Liman Shamiel ya daɗe yana kallon darduma,
can ya ce:
"Shekara nawa yana wuce mu
muna janye takalmanmu?
Sai da ya taɓa tagulla muka gan shi."

Shi ya sa shi a tsohuwar motarsa zuwa Lentegeur,
ya zauna a benci awa biyar
riƙe da katin asibiti kamar uba.
Wasu suka ce aljanu ne, a yi masa tofi.
Liman ya ce za a yi,
zai kuma sha abin da likita ya rubuta,
ai da hannu biyu ake wanke fuska.

Ba mu da ɗaki. Cocin tsallaken titi na da shi.
Sista Desiree ta jera kujerun roba sha biyu
duk daren Alhamis,
mu kuma muka riƙa kai tukunyar miya.
Can ba a tambayar ina ka fuskanta in za ka roƙi Allah.
Sunanka kawai, da kwana nawa.

Matan unguwa suka je wa Gadija,
wadda ta shekara tana kwana
da butar shayi da dutsen guga ƙarƙashin gado.
Ba su yi mata wa'azi ba.
Sun taya ta murza ƙullu, ta yi kukanta a kai.

Kwana casa'in da huɗu, sai ya faɗi.
A bayan tashar tasi na same shi,
takalmi ƙafa ɗaya, yana rufe fuska.
Na tsaya da duk maganganun da na tanada
suka bushe a maƙogwaro.
Na ce, "Tashi, miyar za ta huce."
Ƙidaya ta koma ɗaya.
Ba wanda ya yi tsaki a ɗakin nan,
sai wani tsohon masunci, Oom Cedric, da ya ce,
"Ni ɗayata ta shida ce wannan."

Liman ya miƙa masa sifana.
Ya durƙusa yini guda ya ɗaura shida,
na roba ne, farare, masu araha.
Na ukun yana ɗiga har yau.
Na hana a gyara.

Mabuɗi kam ban ba shi ba tukuna,
zuciyata tsohuwa ce, tafiyarta a hankali.
Amma ina bar masa gurbi kusa da ni a sahu,
kafaɗarsa na rawa, tawa na tare ta.

Yau da asuba ya riga ni zuwa,
yana zaune bakin ƙofa cikin sanyi.
Ya ce, "Boeta Faldie, arba'in da ɗaya."
Na ce na sani.
Ni ma ina ƙirgawa.